Tambaya da Amsa: Allona yana sauya adireshi duk sanda aka ɗauke wuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina harhaɗa na'urorin lura da batir da inbata na sola a wata makaranta, ina amfani da ƙananan alluna masu Linux, irin masu arahar nan da ba su da ko sunan kamfani a jiki. Duk lokacin da aka ɗauke wuta allon ya sake tashi, sai rauta ta ba shi sabon IP kamar ba ta taɓa ganinsa ba, alhali na ɗaure masa IP guda. Da na bincika sai na ga adireshin MAC ɗinsa, wato lambar da rauta ke gane na'ura da ita a netwok, ne ke canzawa. Da na gaji sai na rubuta masa adireshi guda a katin memori, na kwafi katin na saka wa sauran allunan. Yanzu idan na jona ɗaya lafiya lau, idan na jona biyu sai su riƙa yankewa. Mu dai an koya mana cewa adireshin MAC daga masana'anta yake zuwa, ba ya canzawa, kuma ba a samun biyu iri ɗaya a duniya. Ina gaskiyar take? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganinka na farko shi ya haifar maka da ciwo na biyu, an gudu ba a tsira ba ke nan. Amma duka biyun tushensu ɗaya ne.

Abin da aka koya maka gaskiya ne idan ana maganar katin netwok na laftof ko kwamfutar tebur, domin can kamfani ya riga ya rubuta adireshin a wata 'yar ma'ajiya kusa da cif ɗin kafin kayan su bar masana'anta. A ƙananan alluna irin naka ba lallai ba ne. Ɓangaren Ethernet da ke cikin furosesa yana da gurbin da ake ajiye adireshi, amma gurbi ne mai mantuwa: wuta na ɗaukewa ya koma fanko. Kowane tashi sai wata manhaja ta nemo adireshin daga wani wuri ta zuba masa. Idan ta nema ba ta samu ba, sai ta ƙirƙiro na canke nan take don kada allon ya zauna babu netwok. Abin da ke faruwa da allonka ke nan.

Me ya sa ba za a rubuta wa kowane cif nasa tun daga masana'anta a huta ba? Kuɗi ne. Adireshin MAC lamba ce mai bit 48, wato bayit 6, tsarin da ya samo asali daga Ethernet na kamfanin Xerox, wanda DEC da Intel da Xerox suka fitar da ƙa'idarsa tare a 1980. Yau hukumar IEEE ce ke riƙe da rajistar. Kamfani yana biya a ba shi farkon lambar, shi kuma ya cike ragowar ga kowace na'ura da ya ƙera. Babban kaso yana ɗauke da adireshi 16,777,216, matsakaici 1,048,576, ƙarami kuma 4,096. Mai ƙera cif yakan ce wannan nauyin mai ƙera allo ne. Mai ƙera allo mai araha kuwa yana lissafin kowane kwabo, ga kuɗin rajista, ga ƙarin mataki a layin aiki na rubuta wa kowane allo lambarsa daban. Sai ya tsallake, nauyin ya faɗo kanka kai da ka saya.

Waɗanda suka ɗauki nauyin ma ba wuri ɗaya suke ajiye shi ba, shi ya sa shawarar da ta yi wa wani aiki a allonsa ba ta yi maka a naka. Wasu suna ƙona shi cikin furosesan kansa, a wasu ƙananan fiyus da ake kira eFuse, waɗanda sau ɗaya tak ake rubuta su. Haka Texas Instruments ya yi wa AM335x, cif ɗin da ke kan BeagleBone Black. Duk katin da ka saka masa, adireshinsa na nan daram. Su kuwa i.MX6 na NXP suna da gurbin fiyus ɗin, amma mai ƙera allo ake bar wa ya ƙona, kuma ba kowa ke yi ba. Wasu suna liƙa ɗan ƙaramin EEPROM a gefe, wato cif ɗin ma'ajiya da ba ya mantuwa ko an ɗauke wuta, kamar 24AA02E48 na Microchip, wanda ke zuwa da adireshi halastacce a bayit shida na ƙarshe, daga 0xFA zuwa 0xFF, a ɓangaren da ba a iya gogewa. Rautocin gida kuma galibi a wani yanki na fulash ɗinsu yake zaune, tare da bayanan daidaita rediyon Wi-Fi. A masu cif ɗin Atheros ana kiran yankin ART. Duk mai gyaran da ya taɓa goge fulash ɗin rauta gaba ɗaya ba tare da ya ajiye kwafin wannan yankin ba ya san baƙin cikin da nake nufi.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta lissafo adireshin daga lambar siriyal. Tsofaffin Raspberry Pi, tun daga na farko da ya fito a 2012, cif ɗin netwok ɗinsu na SMSC ba shi da EEPROM a gefe. Manhajar da ke fara tashi a allon ce ke ɗauko haruffa shida na ƙarshen siriyal ɗin furosesa, ta sa musu B8:27:EB a gaba, wanda shi ne kason da gidauniyar Raspberry Pi ta yi rajista, sannan ta miƙa wa Linux. Alluna masu cif ɗin Allwinner, irin su Orange Pi da yawa, U-Boot, manhajar da ke tayar da allon kafin Linux, ne ke yi musu makamancin haka daga wata lambar shaida da ke cikin cif ɗin mai suna SID, sai dai da yake ba a sayi kaso ba, adireshin yakan fara da 02. Zan dawo kan wannan 02 ɗin, domin a nan maganinka yake.

To, ko da adireshin yana nan a ajiye, sai ya bi hannu-hannu kafin ya isa inda ake buƙatarsa, kuma yana iya faɗuwa a hanya. Idan ka kunna allo, 'yar manhajar da ke ƙone cikin furosesa ce ke fara farkawa, ta ɗauko manhajar tayarwa, wadda a yawancin irin waɗannan alluna U-Boot ce. U-Boot yana da wani ɗan kundi na saituna, a ciki akwai layi mai suna ethaddr na ƙofar netwok ta farko, da eth1addr na ta biyu. Idan akwai adireshi a ethaddr, shi ne ke yin nasara ko da fiyus ko EEPROM sun faɗi wani abu daban; iyakaci U-Boot ya yi gargaɗi cewa ba su dace ba. Idan babu, sai ya duba abin da ke jikin allon. Idan can ma babu, to ya danganta da yadda aka gina shi: ko dai ya ƙi tayar da netwok, ko ya canki adireshi ya rubuto maka layin da ke cewa "using random MAC address". Layin yana wucewa da sauri cikin rubutun tashi, mutane da yawa ba su taɓa lura da shi ba.

Daga nan U-Boot zai miƙa wa Linux. Hanyar miƙawar ita ce bishiyar na'urori, fayil ɗin nan mai ƙarewa da .dtb da ke gaya wa Linux abin da ke kan allon. Kafin ya saki ragama, U-Boot yana buɗe bishiyar a ƙwaƙwalwa ya rubuta adireshin a ƙarƙashin sunan local-mac-address. Ga inda gizo ke saƙar: ba ya gane reshen da zai rubuta a kai sai ta wani laƙabi, ethernet0, da ya kamata a samu a sashen laƙubba na bishiyar. Idan wanda ya rubuta bishiyar ya manta da wannan layi guda, U-Boot yana riƙe da adireshi mai kyau, Linux kuma bai taɓa jin labarinsa ba. Na sha ganin an zargi kebul, an zargi rauta, an sauya allo, alhali layin nan ne kawai babu.

Shi Linux yana da nasa jerin. Direban netwok yana duba mac-address a bishiyar, sannan local-mac-address, sannan wani tsohon suna, address, sannan ya duba ko bishiyar ta nuna masa wani gurbi a fiyus ko EEPROM da zai karanta da kansa. Ba ya karɓar adireshin da duk sifili ne. Idan duk bai dace ba, yawancin direbobi sai su canki nasu.

Yanzu ga yadda za ka gane a wane hannu naka ya faɗi. Ka ɗauki allo ɗaya da katin da ba ka rubuta wa adireshi ba, ka buga cat /sys/class/net/eth0/addr_assign_type. Idan ya ce 1, Linux ne ya canka. Idan ya ce 3, wata manhaja ce ta sauya shi bayan an tashi. Idan ya ce 0, Linux yana ganin adireshin na dindindin ne. Amma kada 0 ta ruɗe ka: idan U-Boot ne ya canki adireshin ya rubuta a bishiya, Linux zai karɓa da zuciya ɗaya ya ce 0, ga shi kuwa gobe wani ne daban. Don haka ba makawa sai ka ga rubutun tashi da idonka. Ka samo ɗan kebul ɗin USB zuwa siriyal, ka jona wayoyi uku, TX da RX da na ƙasa, yawanci a gudun 115200, ka danna maɓalli ka tsayar da U-Boot, ka buga printenv ethaddr. Duk mai aiki da irin waɗannan alluna ba tare da wannan kebul ba, a ganina lalube yake a duhu.

Sai ciwo na biyu. Adireshin MAC kamar lambar mota yake: motoci biyu masu lamba ɗaya, ɗaya a Sakkwato ɗaya a Yola, ba wanda zai damu, amma ranar da suka shiga tasha ɗaya mai rubuta lodi ya shiga uku. Adireshin ba ya ƙetare rauta, aikinsa a cikin netwok ɗin gida kawai yake. Suwic, akwatin nan mai ƙofofi da ake jona kebul ɗin na'urori a jikinsa, yana koyon wace ƙofa kowane adireshi yake ta hanyar duba saƙon da ke shigowa. Allo na farko ya yi magana, suwic ya rubuta ƙofa ta 3. Na biyu ya yi magana da adireshi iri ɗaya, ya goge ya rubuta ƙofa ta 5. Amsar da aka aiko wa na farko sai ta tafi wurin na biyu. Ita ma rauta, da take raba IP bisa adireshin MAC, tana iya miƙa wa su biyun IP ɗaya. Shi ya sa ba sa mutuwa gaba ɗaya, sai dai su riƙa zuwa suna yankewa, wanda ya fi mutuwar wahalar ganowa.

Akwai wani tarko makamancin wannan ga masu kwafin kati, ko da ba su rubuta adireshi da hannu ba. A Linux mai systemd, manhajar da ke tayar da sauran ayyuka bayan Linux ya tashi, idan aka ga adireshin na canke ne, akwai tsarin da ke iya lissafo tsayayye daga fayil ɗin /etc/machine-id. Dabara ce mai kyau, amma fayil ɗin a kan katin yake. Ka kwafi kati, ka kwafi lambar, allunan duka su lissafo abu ɗaya. Kafin ka mai da kati uwar kwafi, ka share abin da ke cikin wannan fayil ka bar shi fanko, kowane allo zai samar da nasa a tashin farko.

Magani a wurinka, mai alluna 'yan kaɗan a makaranta ɗaya, ba ya buƙatar sayen komai. A bayit na farko na adireshi akwai bit biyu masu ma'ana ta musamman. Na can ƙarshe idan ya zama 1, adireshin na aika wa jama'a ne, na'ura ba za ta iya ɗaukarsa a matsayin nata ba. Na kusa da shi idan ya zama 1, ma'anarsa adireshin na gida ne, mai netwok ne ya ba da shi, IEEE ba ta sayar wa kowane mai ƙera kaya shi ba. A aikace, ka duba harafi na biyu: idan 2 ne, ko 6, ko A, ko E, to na gida ne. Idan lamba mara ce, kamar 1 ko 3 ko B (wato 11), za a ƙi shi. Irin wannan adireshin ne wayoyin zamani ke ƙirƙira wa kowace Wi-Fi don ɓoye sawun mai su, tun daga Android 10 da iOS 14, don haka ba wani abu ne na bayan fage ba.

Ka cire adireshin da ka rubuta a katin. Ka ba kowane allo nasa mai farawa da 02, misali 02:5A:10:00:00:01, na gaba ya ƙare da 02, haka har ka gama. A U-Boot za ka buga setenv ethaddr da adireshin, sannan saveenv. Daga cikin Linux ma ana yi da fw_setenv idan an saita shi. Abu biyu za ka kiyaye. Wasu U-Boot ɗin an gina su ne su ƙi sauya ethaddr da zarar an rubuta shi, saboda haka ka duba da kyau kafin ka adana. Sannan ka san inda saveenv ke ajiya: idan allon yana da nasa fulash ko eMMC, madalla, adireshin ya zauna tare da allon. Idan kuwa a katin memori yake ajiya, to sai bayan ka kwafi kati za ka yi wannan aiki, allo bayan allo, kuma duk ranar da kati ya lalace ka sauya, sai ka sake. Ka rubuta adireshin da maka a jikin akwatin kowace na'ura, ka kuma ajiye a littafi, saboda wanda zai gaje ka a aikin.

Idan furosesan yana da lambar siriyal da Linux ke iya karantawa, na fi son ka rubuta 'yar manhajar da za ta lissafo adireshin daga ita a kowane tashi. Ta haka kati ɗaya zai yi wa duka allunan, kuma adireshin yana bin allo, ba ya bin kati. Fiyus kuwa ka bar shi tukuna. Bit ɗin da ka ƙona ya ƙonu har abada, kuma a wasu cif-cif ɗin gurbin adireshi yana maƙwabtaka da fiyus ɗin da ke tsara yadda allon zai tashi. Lamba ɗaya ta kuskure, allon ya zama na ado.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a sashen injiniyan lantarki. A ɗakin gwaji mun jona Arduino masu allon Ethernet, kowa nasa ya yi aiki shi kaɗai, da muka haɗu a suwic ɗaya sai komai ya rikice. Malaminmu ya ce mu nemo dalili da kanmu. Daga wata mai karatu a Bauchi.

AMSA: Malaminku ya kyauta, ni ma ba zan yi miki aikin duka ba, 'yar'uwa. Ki buɗe manhajar kowannenku ki duba saman, layin da ke farawa da byte mac. Ina kyautata zaton za ki ga DE, AD, BE, EF, FE, ED a wurin kowa, domin shi ne ke cikin misalan da ke zuwa da Arduino, kuma kowa kwafa yake. Cif ɗin W5100 na WIZnet, da ke kan irin wannan allon Ethernet, ba ya zuwa da adireshi, abin da manhajarki ta ba shi a tashi shi yake ɗauka. Ki duba harafi na biyu na DE ki gwada da abin da na faɗa wa ɗan'uwanmu na Zariya, za ki ga masu misalin sun san abin da suke yi. Ba su dai yi zaton aji guda zai kwafa a ɗaki ɗaya ba. Wasu allunan suna da 'yar takarda a ƙasa mai ɗauke da adireshinsu, idan naki yana da ita ki yi amfani da shi.

Idan kuka kai ga ƙananan furosesan STM32 za ku sake haɗuwa da wannan, don manhajar da ke shirya masa saituna takan sa 00:80:E1:00:00:00 ga kowa. Shi yana da lambar shaida mai bit 96 da za ki iya lissafo adireshi daga ita, amma kada ki yanko bayit biyar kawai daga inda kika ga dama. A yawancinsu lambar ta ƙunshi lambar rukunin da aka ƙera da matsayin cif ɗin a kan faifan siliki, saboda haka waɗanda aka saya tare suna tarayya a babban ɓangarenta. Ki markaɗa duka 96 ɗin da CRC ko makamancinsa, sannan ki gyara bayit na farko. Cif ɗin ESP32 kuwa ya hutar da ku: Espressif, kamfanin da ke ƙera shi, ya ƙona masa adireshin tushe a fiyus, na Wi-Fi shi ne tushen, idan ya zama mai raba Wi-Fi a ƙara 1, Bluetooth a ƙara 2, Ethernet a ƙara 3.

TAMBAYA: Injiniya, muna shirin ƙera mitoci 'yan ɗaruruwa mu sayar. Dole ne mu yi rajista da IEEE? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ba dole ba ne, Alhaji, amma kada ku fita kasuwa da adireshin gida. Ba don lissafi zai ci amanarku ba: bayan an cire bit biyun nan saura 46, adireshi sama da tiriliyan 70, da wuya biyu su yi karo idan an canka da kyau. Matsalar ita ce kayanku za su shiga netwok ɗin da ba ku ke iko da shi ba, kuma mai kula da shi yana so ya duba farkon adireshi ya san na'urar wane kamfani ce, wani ma yana toshe duk wanda bai gane ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne ku ari farkon lambar wani kamfani, wannan kam kada ku kusance shi.

A adadin da kuka ambata, ku sa EEPROM mai zuwa da adireshinsa, irin 24AA02E48 ko AT24MAC402, tun a zanen allon. Wayoyi biyu na I2C kawai yake ci, rajistar kuma Microchip ya riga ya biya. Ku nuna wa bishiyar na'urori gurbin da adireshin yake don Linux ya karanta kai tsaye, ku kuma buga shi a takardar da za ku liƙa a bayan kowace mita. In Allah Ya buɗa kasuwa kuka fara lissafin dubbai, lokacin ne za ku zauna ku gwada kuɗin EEPROM ɗin da na sayen ƙaramin kason nan mai adireshi 4,096.